Tafin Hannun Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, hankalina ne dai ya ƙi kwanciya. Yau sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai.

Maganar 'yata Auta ce. Kin san tun da likita ya ce tana da galahanga muke kai ta cibiyar horo. Na taɓa leƙawa ta taga na ga yadda ake yi. Ɗan tebur ne da kwalbar alewa. In ta fara kaɗa hannuwa yadda ta saba, sai malamar ta danne su a kan tebur, ta ɗago haɓarta har su haɗa ido, sannan ta ba ta alewa. Wata huɗu ke nan. Maƙwabta sun daina binmu da kallo, uwarta tana murna, ni kuwa har da cika baki.

Ranar Talata tana shagona, na ajiye dutsen guga da zafinsa na juya wajen mai karɓar ɗinki. Sai ga ta ta zo ta ɗora hannuwa a kan teburin yanka, ta zuba mini ido, shiru. Yaya, daɗi na ji. Na kira ta yarinyar kirki, na laluba aljihu na ba ta alewa. Sai da uwarta ta zo wanke mata hannu muka ga tafin ya ɗuri ruwa, ashe dutsen gugar ta taɓa ya ƙone ta. Da can ihu za ta yi, ta yi ta yarfa hannu, in sani nan take. Mu muka raba ta da wannan.

Na gaya wa malamar. Ta yi jimami, amma ta ce haka tsarin yake, in aka sassauta yanzu aiki ya koma baya. Na ce a koya mata nuna mini inda ke mata ciwo, ko da hoto ne, a bar mata hannunta. Ta ce sai ta tambayi na gaba da ita. Uwarta na tsoron a ba wani gurbinmu. Litinin za a koma, ni kuwa zuciyata ta ƙi.

Ke da kika daɗe a aikin jinya, ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Ƙunar tana warkewa. Amma in ina shafa mata magani ko motsi ba ta yi, kuma na san da zafi.

Ki gaishe mini da maigidan, da 'yan biyu, da takwarana. Uwar yara tana gaishe ki.

Naki,
Ƙaninki tela