Kawuna Ya Hana Ni Taɓa Babbar Saba

Anti Lariba, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina aikin kwamfuta a wani kamfanin raba magunguna a nan Tamale. Muna da babbar saba ta Java, wato kwamfutar da ke riƙe da duk manhajojinmu. Aikina rubuta hanyoyin saƙo: odar mai kemis ta shigo, hanya ta kai ta sito, wata ta kai wa direbobi. Hanyoyin nan duk cikin manhaja guda aka ƙunshe su, ko harafi za a gyara sai an tsayar da komai, masu kemis su yi ta bugo waya suna faɗa.

Sai na gano ana iya ware kowace hanya a fayil ɗinta, a jefa a foldar saba, ta tashi ita kaɗai. Na jarraba a sabar gwaji, wallahi lafiya lau.

To shugaban sashenmu, Abdul-Mumuni, ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya gina tsohon tsarin, shi ya kawo ni aikin. Na nuna masa dabarar, ya ce kada in kuskura in kai ta babbar saba, bai faɗi dalili ba. Mu kuwa a gidanmu in babba ya yi magana rusunawa ake yi a amsa da naa, wato na'am da Dagbanci. Haka na yi, a tsakiyar ofis, ina jin haushin kaina.

Yanzu manaja, Mista Kweku, ya ji labari, yana so in nuna a taron Litinin. In na nuna, na tsinka Kawu a gaban jama'a, Mma, mahaifiyata, ba za ta yafe mini ba. In na ƙi, me zan ce? Kishi yake yi ko akwai abin da ban gani ba? Ni dai na rasa gane kansa.

Ƴarki daga Aboabo

Ƴata,

Ni ba gwanar Java ba ce, amma na tambayi masu yi. Sun ce dabararki tana da kyau. Sun kuma ce fayil ɗin da ke tashi da an jefa shi, ko da kuskure a ciki tashi zai yi, kuma in fayiloli suka warwatsu ba mai lura, odar magani na iya ɓacewa shiru. Ƙila abin da kawunki ke tsoro ke nan. Ƙila kuma zafin a taɓa gininsa ne. Ba ki sani ba, don ba ki tambaya ba.

Ki roƙi Mista Kweku ya ɗaga taron. Ki ɗauki kwamfutarki ki je gidan Kawu, ki gaishe shi yadda aka saba, sannan ki roƙe shi ya nuna miki inda abin zai faɗi. In ya nuna, ku gyara, ku shiga taro tare. In ya kasa, ki gaya masa da bakinki za ki nuna, kada ya fara ji a gaban mutane.

Rusunawar ladabi ce, ki riƙe ta. Amma masu ciwon da ke jiran maganin nan ba su san kawun wa ne ba.

Allah Ya daidaita tsakaninku.

Anti Lariba