Bugun Tauraron Yayat

Litinin, 7 ga Yuli
Engkos ya ishe ni. Tun muna makarantar dare ta manya yake leƙen amsata, yau shi ne mai jika masani. Wai jikan nasa Yayat ya gano bugu, kamar na zuciya, a wani mataccen tauraro da ke zaune shi kaɗai. Ido ba ya ganinsa, sai na'urar da aka harba sama, mai kama irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Walima ran Asabar, har malaminsu zai zo daga Bandung. Ya ce, "Dudung, taka jikar fa? Shayi take dafa musu?"

Laraba, 9 ga Yuli
Alhamdulillahi. Jikata Wiwin ta dawo fuska a ɗaure. Ɗakin bincikensu ɗaya da Yayat, ta sake lissafin. Ashe bugun ba na tauraro ba ne, na'urar ce ke tangaɗi, shi kuwa bai cire wannan ba. "Kaka, kar ka faɗa wa kowa. Bayan walima zan gaya masa ya janye da kansa, kar ya rasa gurbin karatunsa na Jamus."
Na ce to. Na sa ta maimaita har na haddace. Sai da na ƙara abinci.

Asabar, 12 ga Yuli
Na jira Engkos ya yanke kan tulin shinkafar walima ya miƙa wa malamin, sannan na miƙe. "Malam, ni karatun dare na yi, a yi min afuwa. Tangaɗin na'urar, an cire shi kuwa?" Malamin ya juya ya dubi Yayat. Engkos bai gane ba, har tafa min yake yi. Wannan ya fi komai daɗi.

Lahadi, 13 ga Yuli
Wiwin ta fita ba ta sumbaci hannuna kamar yadda ta saba ba.

Talata, 22 ga Yuli
An ƙwace gurbin. Malamin ya ce tunda har tsofaffi sun sani, ɓoyewa Yayat ya yi. Wiwin aka ba. Jikata, Jamus. Na sayo mata akwati. Ta ce, "Kai wa Yayat, shi ke kwashe kaya." Yarinta.

Juma'a, 1 ga Agusta
A ƙofar masallaci Engkos ya riƙe min hannu. Ya rame. "Kar ka sa a ranka, Dudung. Tambaya ka yi. Ni da kai me muka sani?" Ya ma ce in gaida Wiwin.
Masallacin bayan kasuwa zan riƙa zuwa. Huɗubarsu ta fi gajarta, shi ke nan.