Amsar Da Ban Bayar Ba

Kasuwar Albasa, Fatakwal
3 ga Satumba

Ƙanwata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda za ta same ki lafiya. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya karatu da mutanen Jiga Birni baki ɗaya? Ni ma ina nan lafiya, in ban da ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa da ciwon bayan da kika sani.

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya. Sau biyu ina kiranki don wagga magana, sai in ɓige da tambayar gero da awaki. Rilwanu direba zai juya Aliero gobe in ya gama sauke kaya, shi zai kawo miki.

Inna ta gaya mini abin da ya faru ranar gwaji. Ta ce an tsayar da ke gaban malamai ki yi bayanin kundin bincikenki, kika sunkuyar da kai kina karanta takarda, na bayan aji bai ji komai ba. Ta ce shugaban sashe ya gargaɗe ki, in haka kika yi ranar kare kundi ta gaskiya, sai kin maimaita shekara. Kuma saura mako biyar.

Inna tana ganin tsoron taro ne. Ni ban yarda ba. Na san muryarki, daga bakin rijiya ake jin ki in kina korar awaki daga shanya. Na kuma san abin da kika gano. Wata huɗu kina auna albasa a rudun kara irin na kakanninmu da sabon ɗakin ajiya na kwano da malaminki Dakta Kamaluddeen ya zana, kuma ta rudu ce ta fi jimawa ba ta ruɓe ba. To nauyi kike ji. Kin kasa tsayawa gaban mutumin da ya koya miki karatu, sa'an marigayi Baba, ki ce kara da ciyawa sun fi nasa.

Mu fara da murya. Ran Asabar ki hau mashin ki je Maiyama wajen Goggo Asabe. Ki bar takardar a gida. Ki yi mata bayanin aikin duka da Hausa: abin da kika nema, abin da kika yi, abin da kika gani. Kin san kunnenta ya yi nauyi kuma ba ta da haƙuri. In ta ce miki "mi kika ce?" fiye da sau uku, ki koma farko. Abin da kika kasa fahimtar da Goggo da Hausa, da Turancin ma ba ki san shi ba, haddace shi kawai kika yi.

Ki gaida Inna, ki ce ta daina tafiya kasuwa da ƙafa.

Yayanki,
Ubaidullah

Fatakwal
20 ga Satumba

Ƙanwata Bushira,

Wa alaikumus salam. Amsarki ta iso, na ji kowa lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na yi dariya da kika ce Goggo ta sa kin maimaita sau shida, daga ƙarshe ta ce wata huɗu kika ɓata kina neman abin da jikokinta suka sani. Rabona da dariya irin haka an jima. Amma ƙarshen takardar ya ɓata mini rai. Kin ce kin sami mafita: za ki wuce shafin da ke nuna rudu ya fi ɗakin kwano da sauri a majigi, in an tambaye ki sai ki ce duka biyun suna da kyau.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa a gidanmu ba. Kina da shekara takwas lokacin da na dawo daga kwalejin noma ba takardar shaida. Na ce jarrabawa na faɗi. Ba jarrabawa ba ce.

Mu shida ne a ɗaki, tukunya ɗaya, garin kwaki safe da rana. A cikinmu akwai Fahad, ɗan birni, bai taɓa dasa albasa ko ƙwaya ɗaya ba. Kullum bayan la'asar sai ya shiga ajin da ba kowa, ya tsaya yana yi wa kujeru bayani, har da nuni da hannu. Mu muna leƙe ta taga muna cewa ya taɓu. Ni kuwa ina can fili ina auna ruwa. Bincikena a kan ban ruwan albasa ne, kuma ba wanda ya kai ni sanin abin a ajin, wannan ba yabon kai ba ne.

Ranar kare kundi kwat ɗin Fahad na ara. Aka kawo baƙon malami daga wata makaranta, dattijo mai furfura. Na yi bayanina ina kallon takalmina, yadda Baba ya koya mana tsayuwa gaban manya. Da na gama, dattijon ya rufe kundin, ya ce a saninsa ana ba albasa ruwa har ranar da za a cire ta, don ta yi nauyi, ko ba haka ba ne?

Bushira, ke kin sani. In lawashi ya kwanta ana yanke ruwa kwana goma ko fiye, in ba haka ba ko wata ɗaya ba za ta yi a rudu ba. Shi ne abin da na rubuta a shafi bayan shafi. Amsar tana bakina. Amma babba ya yi magana a cikin taro, ga malamaina a zaune. Sai na rusuna na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Gwada ni yake yi. Ya dube ni, ya dubi malamina, ya ce wanga yaro ba shi ya yi aikin nan ba. Aka ce in sake shekara da sabon bincike. A shekarar Baba ya kwanta ciwo, na biyo motar albasa na zo nan da niyyar wata uku. Yau shekara goma sha huɗu. Baba ya rasu yana zaton wasa na yi a makaranta, ban taɓa gyara masa ba.

Na jima ina jin haushin dattijon nan. Yanzu da nake dillanci na san ba shi da laifi. In na tambayi mai kaya albasarsa ta bushe, ya kasa duba na ya amsa, ni ma ba na yarda da buhun. Fahad ma ban ga laifinsa ba. Yau babban malamin gona ne, kuma ya yi wahalar abin da ya samu, a gaban kujerun da muke yi wa dariya. Baba kuma ladabi ya koya mana, bai ce mu gaskata abin da ba haka ba. Ni ne ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Saboda haka ran Juma'a ki je Jega gidan Kawu Shehu bayan ya taso daga mahauta. Na yi masa waya. Zai zauna da abokansa biyu a zaure, za ki yi musu bayani a tsaye, shi kuma zai riƙa faɗin abin da ba daidai ba da gangan, da wannan muryar tasa. Aikinki ki ce masa a'a. Ki fara da girmamawa yadda kika saba, sannan ki faɗi abin da kika auna, da ranar da kika auna shi. In ba za ki iya kallon idonsa ba, ki kalli bakin hularsa, daga nesa ba a bambancewa. Da haka na koyi tsayawa gaban manyan 'yan kasuwar nan. In an yi tambaya ki ja numfashi kafin ki amsa, ba wanda zai kore ki.

Kuma kada ki wuce shafin nan da sauri. A kansa za ki fi daɗewa.

Kada Inna ta ga wagga takarda.

Yayanki,
Ubaidullah

Fatakwal
14 ga Oktoba

Ƙanwata Bushira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Goggo da Kawu. Barka da arziki. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu.

Da kika kira ran Talata ina tsakiyar sauke kaya, shi ya sa kika ji na ce madalla kawai na kashe. Ba shi kaɗai ba ne dalili. Na koma bayan mota na zauna a kan buhu, na jima ban iya tashi ba.

Kawu ya ba ni sauran labarin. Ya ce a zaurensa sau biyu kina ce masa haka ne, sai a na uku kika musa, kina hawaye. Ya ce ranar kare kundin kuma, yadda kika gaya masa, Dakta Kamaluddeen da kansa ya ce ko dai ma'auninki ne bai da kyau, kika ce masa a'a. Na ji ya ɓata fuska, kuma an ba ki gyare-gyare masu yawa. Ki yi su duka ba gunaguni. Ki je ofishinsa ki gaishe shi kamar kullum. Mutum ya shekara yana gina abu, ɗalibarsa ta ce bai yi ba a gaban abokan aikinsa, ya kuma sa hannu ta wuce. Ba kowa zai iya ba.

Na yi murna, Allah Ya sani. Amma tun da na fara gaya miki gaskiya bari in ƙarasa. Akwai wani abu mai ɗaci da ya biyo murnar, kuma na san sunansa, hassada ce. Kawu ya ce amsar taki ba ta fi jimla huɗu ba. Jimla huɗu, Bushira. Na kwana biyu ina istigfari a kan wanga tunani, ya ragu, bai tafi duka ba.

Kin ce in dawo gida in nemi komawa makaranta. Ba na jin zan iya. Shekaru sun ja, ga iyali a nan, kuma abin da na sani na littafi ya zube. Da sallah dai zan zo in Allah Ya yarda.

Abu ɗaya nake roƙo. Rilwanu zai taso ran Litinin. Ki rubuto mini abin da kika faɗa wa Dakta, kalma bayan kalma, yadda ya fito daga bakinki, kada ki gyara komai. Ina so in tsaya in faɗe shi da ƙarfi ko sau ɗaya, in ji yadda yake.

Allah Ya yi miki albarka.

Yayanki,
Ubaidullah