Hannun Kaka Cornelius

Gwaggo Nuala,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya mutanen Limerick? Ni lafiya lau a Landan, sai tarin da ƙurar tsofaffin takardu ta sa mini.

Kullum kina mini gori: "Kakana Cornelius ya kusa cafke makashin matan unguwar Whitechapel a Landan, ke me kika tsinana?" To, na bincika tsofaffin takardun 'yan sanda na shari'ar. Babu sunansa cikin shaidu. Amma akwai wata wasiƙar ƙarya da aka aika wa 'yan sanda, mai ita yana cewa shi ne makashin, yana yi wa matan dariya. Na gwada ta da rubutunsa na cikin Baibul ɗinmu. Hannunsa ne.

An ce jikin naki ya tsananta, shi ya sa na yi sauri, kada ki tafi ba ki sani ba.

Taki,
Deirdre