Rediyo Mai Maɓalli Sha Huɗu

Ya Dijatu, sanyin randa ranar bazara, inuwar gawo ga mai noman rani, farin watan Ƙofar Taramniya!

Yau wata goma sha tara da kwana shida rabona da Sakkwato. Ina nan tashar jirgin ruwa ta Ikko ina dakon siminti, kaina ya yi furfurar da ba tawa ba, sai ga takardarki. Na buɗe nan take, ina jiran in ji kewata ta hana ki cin tuwo. Layi biyu gaisuwa, layi tara rediyo!

Wai mijin Lami maƙwabciyarmu ya samu kuɗɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, ya sai mata rediyo mai kaset, mai maɓalli goma sha huɗu, kuma kar in tako gida sai da irinsa.

Na je kanti na gan shi, ya hasken idona, kuma ba ni yi mashi ƙarya. Yana da kyau. Murya tas, kamar mai karanta labarai na zaune bisa tabarmarki, kuma ba ya tauna kaset. Ƙaramin da ke gefensa, na naira talatin da biyar, in ya kama tasha sai tari kamar tunkiya mai mura. Wanda ya ƙera babban ya yi aiki, Allah shi biya shi. Amma naira ɗari da sittin! Mi ke ciki, aljani? Manyan batir takwas yake haɗiyewa a mako, ga lungunmu tun bara anka kafa turakun lantarki, har yau awaki kawai ake ɗaurewa jikinsu.

Kuma na san ku. Bisa kabad za ki aza shi, tsakiyar jeren kwanuka, ki lulluɓe da kyalle mai ado, ba mai taɓawa sai ranar suna. Tambayi Lami, cikin sha huɗun nan nawa ta taɓa dannawa?

Kin tuna ranar da munka je gonar albasar babanki a Dundaye, kina waƙa ƙasa-ƙasa, da kinka ga ina saurare kinka jefe ni da ɓawon rake? Wallahi na murɗa wanga babban rediyo daga farko har ƙarshe, har mai kanti ya fara harara, ban samu tasha mai wannan muryar ba. Wayyo Dijatu, na gaji!

To zaɓi na hannunki. In ƙaramin ne, ina cikin jirgin ƙasa kafin Sallar Layya, ni da shi muna tari tare. In babban ne, sai bayan wata damina, kuma zan ɗauko shi bisa kai ba tare da gunaguni ba, in ma na yi, kaɗan ne.

Naki har ranar da za a daina shuka gero a ƙasar Sakkwato,
Bawa Illo

Abin da na tara zuwa yau: naira saba'in da ɗaya da kwabo arba'in. Kuɗɗin jirgi da na mota zuwa gida duk a ciki za su fita.