Shafin Sakamako ya Ƙi Buɗewa

Laraba, Samaru

Yau Oga Bitrus ya ci min mutunci a gaban shugabar makarantar nan ta Sabon Gari, kuma ban yafe ba. Sati biyu muna haɗa musu shafin intanet na duba sakamakon ɗalibai, ina gaya masa shafin da aka rubuta da tsarin XML ba ya ƙirƙiro sabon kod, wato umarnin kwamfuta, yana tsakiyar aiki. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana juya shi zuwa kod ne tun kafin kowa ya buɗe shi, kuma duk alamar da aka buɗe dole a rufe ta a wurinta. Shi kuwa ya kafe sai shafin ya riƙa rubuta wa kowane aji nasa tsarin da kansa.

Da muka je nuna wa shugabar aikin, muna danna aji uku, allo ya cika da saƙon kuskure. Sai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, yarinyar ce ba ta gama koyo ba." Yarinya! Ni da na rubuta komai. Har na iso gida zuciyata tafasa take.

Na fitar da lissafin tsarin ajujuwan da ya sa na cusa a cikin shafin, yanzu yana buɗewa. Gobe in Hajiya ta tambayi yadda aka gyara, bakina ƙanin ƙafata. Shi zai amsa.