Inabin Fadila

Kpakungu, Minna
9 ga Maris

Zuwa ga maiɗakina Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Yunusa da duk mutanen Kagara. Yaya ƙafar taki? Ni dai da sauƙi, sai ciwon bayan nan da kika sani.

Wata biyar ke nan da tafiyarki. Na san bakina ne ya kore ki, ranar da na ce a gaban maƙwabta ba ki da aiki sai shayar da ganye. Sau biyu ina aika biko, Yaya yana cewa a ƙyale ki ki huce.

Ga labari. Inabin da marigayiya 'yarmu Fadila ta kawo miki daga Zariya ya yi 'ya'ya! Shekara shida ko ɗaya bai taɓa yi ba, bana har rumfar tana rinjaya. Tsuntsaye sun sa shi gaba. Ban ɗanɗana ba, naki ne. Tunda ba zai jira ki ba, zan shanya miki shi ya zama zabibi. Ki dawo, Larai.

Mijinki,
Garuba

26 ga Maris

Larai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ki ba, Allah Ya sa lafiya.

Na yi ɓarna. Yadda nake ganin kina shanya tumatir haka na yi: na yayyanka shi biyu-biyu, na baza a kan rufin kwanon kicin. Kafin la'asar ruwansa ya tsiyaye, ya manne wa kwano kamar alewa, kiyashi da ƙuda suka yi ta biki. Da cokali na kankare. Rabi ya tafi a nan.

Maƙwabciyarmu Susan ta leƙo ta katanga, ta yi mini dariya har da hawaye. Ta ce ba a yanka shi. A tsoma a tafasasshen ruwa a cire nan take don fatar ta tsage, a shimfiɗa a faranti, a rufe da gidan sauro. Haka na yi. Yanzu kullum ni ne hawa tsani, in juya, in sauko, in kora awakin mutane. Shekaranjiya hadari ya haɗu ina masallaci, na baro takalmina na rugo gida, ni da furfurata. Duk da haka faranti ɗaya ya jiƙe, ya yi fumfuna.

Wallahi na gaji. Gwiwata har ƙara take yi. Ki gaida Yaya.

Garuba

11 ga Afrilu

Larai,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Ndaliman direba ya dawo, ya ce ya miƙa miki gwangwanin zabibin hannu da hannu. Iyakar abin da ya tsira ke nan, ki yi haƙuri da ƙwallayen da ke cikinsa. Ya ce kin daɗe kina kallonsa ba ki ci ba, sannan kika ce ya tambaye ni me aka yi wa itacen ya haihu.

Kwana uku ina juya amsar. Na nuna wa Caleb, malamin gona, itacen, ya ce inabi ba ya 'ya'ya a ƙasar nan sai an datse rassansa, kuma ke ba ki taɓa bari wuƙa ta kusance shi ba. Na so in fake da wannan, in ce da sani na yi. Ƙarya ce.

Ranar da kika tafi na ɗauki adda na sassare shi, ban bar masa ganye ko ɗaya ba. Kashe shi na yi niyya. Kuma ba don ruwan da yake sha ba ne, kamar yadda na riƙa faɗa. Kullum na fito da safe sai in ga kamar Fadila ce tsugune a gindinsa tana tura ƙasa da hannu. Ke kina samun sanyi a wurin, ni kuwa ko kallonsa ba na iyawa. Shekara huɗu da rasuwarta ban iya gaya miki ba, sai faɗa.

Ba zan ƙara aika kowa ba. Jumma'a ina tafe da kaina. In kin ce in koma ni kaɗai, zan koma, amma sai kin bari mun zauna mun yi kukan yarinyar nan tare, don ban taɓa yi ba.

Mijinki,
Garuba